Ba Kowace Mage Ce Kyanwar Lami Ba

Da bakina na faɗa, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa. Ranar da na kai wa Gwaggo magen nan, a wani ƙauye da ke bayan Garo cikin ƙaramar hukumar Kabo, sai da ta ɗaga murfin kwalin ta leƙa, sannan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ba ta dai da wani mugun hali ko?" Ni kuwa ko ɗar ban ji ba na ce, "Haba Gwaggo! Ai wannan kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Ɓera kawai ta sani." Ta yi ta sa mini albarka, har da ƙullo mini daddawa da kuka in kai wa iyali.

Na san ƙarya nake yi tun maganar ba ta gama fita daga bakina ba.

Magen tsintuwa ce. A bayan wani shago kusa da tashar motar Gwarzo na gan ta cikin damina, 'yar mitsitsiya, ruwa ya yi mata dukan tsiya, idanu duk kwantsa. Na kawo ta gida, muka yi ta ba ta madara a murfin gwangwani har ta yi ƙwari. Masu iya magana sun ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma wannan ta ba su kunya, don tun da ta girma ko kashin ɓera ba ka gani a ɗakin ajiyarmu. Sai dai ta taso da halaye biyu waɗanda kowa a gidan ya haddace. In ta ƙyalla ido ta ga ɗan tsako, to sunansa gawa. Sannan ba ta yarda a taɓa ta in tana cin abinci, ko a shafa mata ciki. Za ta fara kaɗa bindi, ta kwantar da kunnuwa, in ba ka janye hannu ba sai ka ji haƙori. Sau biyu tana cizon ɗana. A na biyun uwargida ta ce in zaɓa, ko ita ko mage. Ana cikin haka Gwaggo ta aiko cewa ɓeraye sun addabi rumbunta, ni kuwa na ga faɗuwa ta zo daidai da zama.

Gwaggo tana da kaza mai 'yan tsaki goma sha ɗaya. Kafin mako ya zagayo saura huɗu. Ta zargi shaho, ta zargi muzurun maƙwabta, har aka yi 'yar cacar baki ta kan katanga da matar da suka shekara talatin suna zaman lafiya. Sai ranar da jikarta 'yar shekara huɗu ta tarar da magen tana cin kan kifi a gindin murhu, ta rungume ta don so. Cizon ya shiga a tsintsiyar hannu, jini ya fito. Yara suka bi magen da sanduna, ta faɗa gonar dawa ta ɓace.

Daga nan ne tashin hankalin ya fara. Ma'aikacin lafiyar da aka kai wa yarinyar ya yi tambayoyi uku: magen ta taɓa cizon wani? An taɓa yi mata allurar rigakafi? Yanzu tana ina? Babu wanda ya san amsar biyun farko sai ni, don haka aka bugo mini waya. Na ce e, ta taɓa. Na ce a'a, ba a taɓa yi mata ba. Na ji ɗan Gwaggo ya yi shiru a wayar, irin shirun da ya fi zagi ciwo. Aka fara wa yarinya allurar ciwon haukan kare, ana jigila da ita a babur, sai da aka sayar da bunsuru. A rana ta shida magen ta dawo da kanta, ta rame amma da hankalinta. Aka kulle ta a wani ɗaki ana ba ta ci da sha har ta wuce kwana goma garau. Allah ya kiyaye.

Da na je duba yarinyar, Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, da ka faɗa mini, ai da na karɓe ta duk da haka. Akurki zan rufe, in ja wa yara kunne. Me ya yi zafi?"

Na tona wa kaina asiri ne saboda abin da na yi ya zama ruwan dare a wannan yanki namu, daga Kabo har Gwarzo har ka fita Dayi, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Mutum yana da dabba mai mugun hali, ya san halin kamar yunwar cikinsa, sai ya miƙa wa wani, ko da kuɗi ko kyauta, ya ja bakinsa ya yi gum. A ganinsa ya rabu da ƙaya. Ƙayar tana nan daram, gida kawai ta sauya, daga inda aka san ta ana kaffa-kaffa da ita zuwa inda za a taka ta ba takalmi.

Je ka kara ranar kasuwar Getso, ko Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ka tsaya gefe ka kalli mai sayen sa. Zai buɗe masa baki ya duba haƙora, ya dubi ido, ya leƙa kofato, ya shafa tozo, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Duk aibin da ke jiki, gwani yana iya kama shi. Hali kuwa ba ya da haƙori balle a ƙirga. Sa mai suka, wanda aka koro tun asuba cikin rana ba ci ba sha, in ya iso turke lakwas yake, ka ce ɗan rago. San huɗa mai kwanciya a tsakiyar kunya da zarar ya ji nauyin garma, ba zai kwanta a kasuwa ba, tunda babu garma a can. Jaki mai harbi, doki mai tutsu, akuya mai tsallake danga ta faɗa gonar mutane, saniyar da ba ta yarda a tatse ta sai an ɗaure mata ƙafa, kaza mai fasa ƙwanta ta shanye, duk babu wanda ya san su sai wanda ya zauna da su. Shi ya sa ɓoye hali ya fi ɓoye rauni muni: mai saye ba shi da wata ƙofa ta sani sai bakin mai sayarwa.

Ka ɗauki manomin da ya tara kuɗin dawarsa da waken suya na shekara guda ya sayi shanun huɗa kafin damina. Ba zai gane ɗaya daga cikinsu ɗan gardama ne ba sai ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa ya duƙufa, lokacin da kwana uku kacal ke raba mai amfanin gona da mai ciyawa. Kuma wa ke riƙe igiya a gaban shanu? Yaro ne ɗan shekara goma ko sha biyu. Shi ne daidai tsinin ƙaho. Wanda ya sayar da sa mai suka bai faɗa ba, ya kwana da sanin cewa akwai wani yaro da bai taɓa gani ba wanda ya sa a gaban ƙahon nan.

A da akwai abin da ke taka wa wannan burki, wato dillali. Ya san mai dabba, ya san garinsu, sau da yawa a gidansa ma ya sauka. La'adar da yake karɓa kuɗin amana ce, don in dabba ta fito da aibi, shi za a fara nema, kuma mako mai zuwa yana nan a turkensa. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafi a kansu a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu mai tarin dukiya yake tafiya bisa bashi da yarda tsakanin fatake da masu gida da mahauta, ba tare da takarda ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne mutum ya fi tsoron zubewar sunansa a kan asarar sa guda. Har yau akwai dillalan ƙwarai, na san wasu, waɗanda za su ja ka gefe su ce, "Alhaji, wannan na yanka ne, ba na aiki ba." Amma suna raguwa, kuma an samu hanyar zagaye su.

Hanyar ita ce waya. Yanzu rago na layya, da ɗan maraƙi, da tantabaru, da karen gadi, da magen nan ta ƙasar waje mai dogon gashi wadda 'yan birni suka fara yayi, duk a WhatsApp da Facebook da TikTok ake tallarsu. A ɗauki bidiyo na daƙiƙa talatin, a zaɓi lokacin da dabbar ta ƙoshi tana lumshe ido, a tura. Ka tura kuɗi, a ɗora maka a mota daga wani gari. Cinikin biri a sama ke nan da kakanninmu suka yi mana kashedi a kai, sai dai birin yanzu yana da hoto mai kyau. In ka bugo kana ƙorafi, ko a ce "ai a hannunka ta koya", ko a toshe lambarka.

Abin takaicin shi ne babu al'ummar da ta kai mu rashin uzuri a wannan babi. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun gama magana tun da daɗewa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin ilimi a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta hana algus da ɓoye aibi, ta kuma bai wa mai saye zaɓi in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Muhtasar na Shehu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, ya fi shiga ciki. Da ya zo lissafa aibobin dabba da ake mayar da ita saboda su, har da yawan tuntuɓe, da turjiya, da kasa ɗaukar kayan da irinta ta saba ɗauka. Ka lura, turjiya hali ce, ba ciwo ba. Ya kuma wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani filla-filla, ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. Wato wannan maganar da ake yi a kasuwa, "ga ta nan dai, yadda ka gan ta", ko "dabba ai ba a rasa ta da ɗan abin da ba a rasa ba", ba ta wanke kowa in ya san takamaiman abin da ke akwai.

Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka hana barin nono ya taru a hantsar raƙuma ko tunkiya don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda aka yi wa haka yana da zaɓi bayan ya tatsa, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. Wannan dabara tana nan da ranta a kasuwanninmu, tare da ƙanwarta, wato a cika wa rago dusa da gishiri da kanwa ya yi ta shan ruwa har ciki ya yi tulu. Akwai kuma labarin sahabi Wasila ɗan Aska'u, wanda na fi so a duk babin. Wani mutum ya sayi taguwa a gidan Wasila daga hannun wani, ya ja abarsa ya tafi. Wasila ya bi shi da sauri ya tambaye shi ko an bayyana masa abin da ke jikinta, kuma nama yake so da ita ko tafiya. Mutumin ya ce hajji zai je a kanta. Sai Wasila ya gaya masa akwai rauni a tafin ƙafarta. Dabbar ba tasa ba ce, kuɗin ba aljihunsa za su shiga ba, amma ya ga shirunsa ma laifi ne. Wannan ya hau kan maƙwabcin da ya san san nan ya taɓa sukar mutum, yana tsaye ana ciniki, ya kau da kai don kada a ce ya ɓata wa wani kasuwa.

Wani zai ce duk wannan maganar ciniki ce, ni kuwa kyauta na bayar. Haka na riƙa gaya wa kaina a kan babur ina komawa Gwarzo. To, kyauta ta fi haɗari. Mai saye yana zuwa da zargi a ransa, yana dubawa, yana tambaya. Wanda aka yi wa kyauta kunya ba ta barinsa ya bincika, godiya kawai yake yi. Kuma wa muke yi wa kyautar mage da ɗan kwikwiyo? 'Yan uwa da maƙwabta da abokai, mutanen da suka fi kowa yarda da mu.

Inda abin ya wuce asarar dukiya ya koma maganar rai shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, amma mage ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, ta cizo ko ta yaƙushi. Cutar tana iya kwanciya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunta sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Alamar farko a jikin dabba kuwa ita ce sauyin hali: kare mai fara'a ya koma cizon duk abin da ya gani, ko mai zafi ya yi laushi yana dalalar da yawu, yana neman lungu. A daidai wannan gaɓa ce wasu ke cewa "karen nan ya fara lalacewa", su yi maza su ba wani mafarauci, ko su sayar wa masu tara karnuka suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki a jihar Filato. Mai yin haka ya ɗauki garwashi ya zuba a aljihun ɗan uwansa. Dabbar da halinta ya sauya farat ɗaya ba ta kyauta ba ce, ba ta sayarwa ba ce. A killace ta inda ba za ta kai ga kowa ba, a kira malamin dabbobi. Wanda aka ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya tofi da shafa toka ana jiran a ga abin da zai faru. Allurar rigakafin dabbobi tana nan, har a cikin gida ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda ke aiki tun 1924. Ni da ke wannan dogon bayani, shekara biyu magen tana gidana ban kai ta ba.

Ko a ƙasashen da ke da gidajen tara karnuka da maguna marasa galihu ana ba masu so, sun sha wannan ɗacin. A 2017, a birnin Virginia Beach na Amurka, wani kare da aka karɓo daga irin wannan gida ya kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90 jim kaɗan bayan an kawo shi, daga baya ta bayyana ya taɓa cizo. Jihar Virginia ta yi doka a 2018, Kalifoniya ma ta yi tata a 2019, cewa dole a gaya wa mai karɓa tarihin cizon kare. Sau da yawa masu irin waɗannan gidaje ba don kuɗi suke ɓoyewa ba, tausayi ne, suna gudun kada dabba ta rasa mai ɗauka. Tausayin da zai sa a jefa yaron wani cikin haɗari, a ƙarshe dabbar ma ba ta tsira. Magen da aka karɓa bisa ƙarya, ranar da halinta ya fito, duka ne rabonta, ko a ɗaure ta a buhu a jefar a bayan gari.

Hujjar da kowa ke kawowa guda ce: in na faɗa, wa zai karɓa? Gwaggo ta riga ta amsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma kullum ana sayen rariya. Sa mai suka mahauci yana so, ba ruwansa da halinsa. Jaki mai harbi yana da mai shi, dattijon da ba ya aiken yara. Kare mai zafi, in lafiyarsa ƙalau kuma an yi masa allura, mai garke a bayan gari nemansa yake yi. Gaskiya ce kuɗin zai ragu, kuma wannan ragin shi ne ainihin farashin dabbar. Abin da ya hau kansa, haƙƙin wani ne ka ci. Kai kuma mai karɓa, cire kunya ka yi tambayar da ta dace. Kada ka ce "lafiyarta ƙalau?", don amsar wannan a shirye take a bakin kowa. Ka ce: me ya sa za ka rabu da ita? Ta taɓa cizo ko suka, kuma wa? Me ba ta so a yi mata? Yaushe aka yi mata allura? In ka ga ana kame-kame, ko an hau rantsuwar da ba ka nema ba, ka ce albarka ka wuce. Sarakunan kara da shugabannin dillalai su ma suna da ta cewa, don wanda aka kama ya ɓoye aibin da ya sani, in aka hana shi turke na wata guda, sauran za su shiga taitayinsu.

Magen tana nan da ranta. Na ɗauko ta daga wurin Gwaggo, na kai aka yi mata allura, sannan na nufi wani dattijo mai sito na hatsi a Getso wanda na ji yana neman mage. Kafin in buɗe kwalin na zayyana masa komai, da 'yan tsaki bakwai, da cizon ɗana, da hannun yarinya, da bunsurun da aka sayar. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Ya ce, "Malam, nan ba kaji, ba yara, ni kuma ba na shafa cikin mage. Sake ta." Ta fito ta shinshina ƙasa, ta shige bayan buhunan masara.

Na biya Gwaggo kuɗin bunsurun, ta karɓa bayan an kai ruwa rana. Daddawa da kuka har yanzu tana aiko mini. Amma ran nan da na kai mata wata 'yar tunkiya, na ce lafiyayya ce ba ta da matsala, ta yi godiya, ta sa albarka, sannan ta aika a kirawo mata maƙwabcinta mai kiwo ya zo ya duba.